Matasa da soshiyal midiya: tambayoyin da aka fi yi kan amfaninta da illarta

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa, daga bakin matasan da kansu, daga iyaye, daga malamai da yayye masu ƙanne a gida, shi ya sa na ga gara in tara su wuri ɗaya in amsa. Na fara da masu sauƙi, masu nauyin suna can ƙasa. Wanda yake cikin matsala yanzu yanzu, misali ana yi masa barazana da hotonsa, ya wuce can kai tsaye kada ya tsaya karanta tarihi.

Wai me ake nufi da soshiyal midiya ɗin nan, WhatsApp ma yana ciki?

Duk manhajar da mutum zai buɗe akawun, ya ɗora rubutu ko hoto ko bidiyo wasu su gani su mayar masa da martani, ita ce soshiyal midiya, ko kafafen sada zumunta kamar yadda 'yan jarida suke cewa. WhatsApp asalinsa na aika saƙo ne, amma tunda aka samu guruf-guruf da sitatus ai ya shiga sahu. Kuma duk jiya-jiya aka haife su fa, Facebook 2004, YouTube 2005, Twitter da yanzu ake ce wa X 2006, WhatsApp 2009, Instagram 2010, TikTok kuwa sai wajen 2017 ya fito duniya daga kamfanin ByteDance na ƙasar Sin. Ke nan yawancin iyayen da suke da ɗan shekara 15 yau ba su yi ƙuruciya da abin nan a hannu ba, babu wanda ya koya musu balle su koyar, kowa lalube yake a duhu, shi ya sa ba na son yadda ake saurin ɗora laifi kan iyaye ko kan yaran.

Tunda ba biya muke yi ba, ta ina kamfanonin suke cin riba?

Ta talla. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, sama da kashi 95 cikin 100 na kuɗin da yake samu daga talla yake fitowa. Mai kaya yana biyansu a nuna maka kayansa, kuma yana biya da kyau saboda sun san ka, shekarunka, inda kake, abin da ka tsaya ka kalla, abin da ka wuce da sauri, har ƙarfe nawa kake kwanciya. Duk ƙarin minti ɗaya da ka yi a ciki ƙarin talla ne, saboda haka lokacinka da hankalinka su ne hajar da ake sayarwa. A 2012 Facebook ya sayi Instagram dala biliyan 1 lokacin ma'aikatan Instagram ɗin 13 ne kacal, mutanen da suke ciki da waɗanda za su shigo aka saya da wannan kuɗin. Riƙe wannan amsar da kyau don kusan duk na ƙasa a kanta suka tsaya.

Me ya sa nake shiga da niyyar minti biyar sai in farga awa biyu ta wuce, ni ne mai raunin zuciya?

Kada ka fara da zagin kanka, da gangan aka gina abin haka. Da can shafin intanet yana da ƙarshe, in ka kai ƙasa sai ka danna kafin ka shiga na gaba, kuma 'yar tsayawar nan tana ba ka damar cewa ya isa haka. A 2006 wani injiniya mai suna Aza Raskin ya fito da tsarin shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙara zubowa, daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Haɗa da bidiyon da yake kunna kansa, da jan ɗigon nan na sanarwa, da babban makamin wato rashin sanin me zai zo gaba, bidiyo uku ba daɗi na huɗu ya ba ka dariya har da hawaye, sai ka ci gaba da ja ko za ka sake dacewa, kamar dai ɗan caca da yake cewa bari in ƙara ɗaya. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa tun farko abin da suke tambayar kansu shi ne yaya za su cinye lokaci da hankalin mutum iya yadda zai yiwu.

Sai kuma algoridim, wato lissafin da yake zaɓa maka abin da za ka gani. Shi bai san alheri ba bai san sharri ba, me ya tsayar da kai kawai ya sani, in ka tsaya kan bidiyon faɗa ko da haushi ne ya tsayar da kai, a wajensa so kake, gobe zai kawo maka goma. Matashi kuma abin ya fi kama shi saboda sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an wuce shekara ashirin, alhali son yabo da karɓuwa wajen abokai yana kan ganiyarsa. Dabarun ragewa suna cikin amsar tambaya ta ƙarshe.

To in haka ne, wane amfani na gaske matashi yake samu?

Amfani kam akwai, duk wanda ya ce babu bai yi wa matasa adalci ba. Yaron da lissafi ya gagare shi a aji, yana jin kunyar ɗaga hannu ya ce bai gane ba, zai je YouTube ya sami malamai biyar suna bayanin abu ɗaya ta hanya biyar, ya tsayar ya maimaita sau goma babu mai harararsa. Haka gyaran waya, ɗinki, zane a kwamfuta, rubuta manhaja, koyon wani yare, abubuwan da a da sai ka daɗe a gaban maigida kafin a nuna maka, yanzu ƙofar farko a buɗe take. Sanarwar guraben karatu da aikin yi ma sau da yawa a can ake fara gani.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na mutumin da yake shi kaɗai. Yarinya mai ciwon sikila da take yawan kwanciya ƙawayenta suna makaranta, kurma da duk gidansu babu mai iya maganar hannu, yaron da aka canza wa gari ya bar abokansa, mai in'ina da magana cikin mutane take yi masa wuya amma in ya zauna rubutu sai ka rantse ba shi ba ne. Irin waɗannan in suka sami guruf na masu irin halinsu wallahi ba ƙaramin sauƙi suke samu ba, mutum ya san akwai irinsa a duniya ma wani magani ne. Ga kuma taimakon juna, a 2014 wasan nan na sheƙa wa kai bokitin ruwan ƙanƙara da ya zagaye intanet ya tara wa ƙungiyar yaƙi da cutar ALS (ciwon da yake lalata jijiyoyin motsa jiki) ta Amurka dala miliyan 115.

Ka lura da abin da ya haɗa misalan nan, kowannensu ya shiga ne da buƙata a hannu, ya san abin da ya je nema. Iya lurata a nan hanya take rabuwa tsakanin wanda ya ƙaru da wanda aka cinye wa lokaci, kuma mutum ɗaya zai iya zama na farko da safe ya zama na biyu da daddare.

Da gaske ana samun kuɗi da ita?

Ana samu, amma ba yadda ake zuzutawa ba. A YouTube misali, kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ana yawan kawo misalin Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya, ya rasa aikinsa na masana'anta a 2020 lokacin korona, ya fara bidiyo ko magana ba ya yi, zuwa 2022 ya fi kowa mabiya a TikTok. Ya faru kam, sai dai waɗanda suka gwada ba su kai ko'ina ba babu mai ba da labarinsu, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Hanyar da na ga ta fi tabbas ita ce mutum yana da sana'arsa ya mayar da shafinsa wurin baje ta, mabiya ɗari biyar masu saye sun fi masa dubu hamsin masu kallo su wuce. Wanda kuma ba shi da abin nunawa sai neman suna, nan ne ake faɗawa zagin mutane da tona asirin kai don a kalla, tunda abin da ya tayar da ƙura algoridim yake ɗagawa. Masu cewa turo kuɗi a ninka maka kuwa, duba amsar damfara a ƙasa.

Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin ya buɗe akawun?

Yawancin manhajojin sun rubuta shekara 13 ne, amma fa lambar nan daga wata dokar Amurka ta 1998 mai suna COPPA ta fito, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan 'yan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba, sai kamfanonin suka ga mafi sauƙi su ce ƙasa da haka kada ya shigo. Magana ce ta doka, ba likitoci ne suka auna suka ce a 13 yaro ya shirya ba. Ostiraliya ta yi doka a ƙarshen 2024 ta ɗaga shekarun zuwa 16, ta fara aiki a Disambar 2025, kuma kamfani ake ci tara, yaro da iyayensa babu ruwansu.

Ni a ganina akwai tambayoyin da suka fi shekaru. In baƙo ya turo masa saƙo a keɓe zai faɗa maka? Zai iya ajiye wayar in lokaci ya yi ba tare da an kai ruwa rana ba? Kuma manhajojin ba ɗaya suke ba, guruf na 'yan ajinsu daban, buɗaɗɗen shafi da duk duniya za ta iya yi masa kwament daban.

Ana cewa tana jawo ciwon damuwa, haka ne?

A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin har ta ba da shaida a majalisar dattawan Amurka. A ciki akwai binciken kamfanin da kansa da ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa sun ce in suna jin ba sa son jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi ya kawo binciken da ya nuna matasan da suke wuce awa 3 a rana haɗarin alamun damuwa da fargaba ya ninka a kansu. A Ingila kuma a 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa abubuwan cutar da kai da wata 'yar shekara 14 ta riƙa gani, waɗanda algoridim ya dinga turo mata, suna da hannu a mutuwarta.

A ɗaya ɓangaren, Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford sun duba bayanan matasa sama da dubu 350 a 2019, suka ga in an haɗa kowa da kowa alaƙar amfani da na'ura da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai. Ni ban ga karo tsakanin biyun ba, yawancin matasa suna shiga su fita lafiya, amma akwai waɗanda abin yake yi wa mummunan lahani, musamman wanda dama yana ɗauke da ciwo a zuci, sai wayar ta zama fetur a kan wuta. Shi ya sa kallon yaronka ya fi kallon alƙaluma, ya janye daga abokai, ya daina abin da yake so, yana kuka bayan ya ajiye waya, yana cewa gara ya mutu? Wannan na ƙarshen ba a jira da shi, a kai shi wajen likita a ranar kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Ni in na gama dubawa sai in ji kowa ya fi ni, kowa ya ci gaba ni ina nan. Me ke damuna?

Ƙanwata, abin da kike gani zaɓaɓɓe ne. Hoto ɗaya da aka ɗora an ɗauki talatin an zubar, an sa filta ta gyara fata ta rage hanci, kuma babu mai ɗora ranar da ya faɗi jarabawa ko ya kwana yana kuka. Ke kuma naki duka kin sani, daɗi da wuya, sai ki ɗauki rayuwarki gaba ɗaya ki auna da minti ɗaya mafi kyau na mutum ɗari, ko waye aka yi wa wannan awon sai ya faɗi. Gwada wannan na sati biyu, duk shafin da in kin kalla zuciyarki take yin nauyi ki daina binsa ko ki sa shi shiru, ba sai an yi faɗa da kowa ba. In nauyin bai sauka ba koma amsar da ke sama kan ciwon damuwa, ki kuma sami babba da kika yarda da shi ki faɗa masa.

Yaya batun barci da karatu, kuma awa nawa ne ya yi yawa?

In da za a ce in zaɓi illa ɗaya da ta fi fitowa fili, barci zan zaɓa. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, to wanda ya shiga bargo da waya ƙarfe goma ya ajiye ƙarfe ɗaya ya tashi shida, awa biyar ya samu, gobe haka jibi haka, daga nan sai saurin fushi da mantuwa da gyangyaɗi a aji, har ita damuwar da muka yi magana. Karatu kuwa gutsuttsura hankali ne matsalar, kana tsakiyar shafi waya ta yi ƙara ka leƙa, ka dawo sai ka sake nemo inda ka tsaya da abin da kake tunani. Kifa ta a tebur bai isa ba, a fitar da ita daga ɗakin.

Awanni kuma, a 2018 jami'ar Pennsylvania ta gwada ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasu minti 30 a rana na sati uku, sai kaɗaici da damuwa suka ragu a wajensu. TikTok tun 2023 ya sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 da sai an sa lambar sirri a wuce, shi kuma Douyin, ɗan'uwansa na cikin ƙasar Sin, tun 2021 minti 40 yake ba 'yan ƙasa da 14 a rana. Ni dai ma'aunina shi ne me awannin suka ture, in barci ya cika, aikin makaranta ya kammala, an motsa jiki, an zauna da mutanen gida ido da ido, ragowar ba abin tayar da hankali ba ne.

Yaya zan gane labarin ƙarya?

Fara da sanin cewa a can ƙarya ta fi gaskiya gudu. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi labarai kusan dubu 126 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa labarin gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya yake ɗauka kafin ya kai mutum 1,500. Abin kuma yana cin rai, a Indiya jita-jitar satar yara da ta bi WhatsApp ta sa an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba a 2018, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya.

Babbar alamar a jikinka take, in labari ya sa ka fushi ko tsoro nan take har yatsanka yana ƙaiƙayin turawa, to nan ne wurin tsayawa. Waye ya fara faɗa, akwai kwanan wata da wuri, wata kafar labarai da aka sani ta kawo shi? Hoton, sa shi a Google Lens, manhajar da take nemo inda hoto ya taɓa fitowa, ka gani ko tsoho ne daga wata ƙasa. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira take haɗa murya da bidiyon mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, "ai da idona na gani" ya daina zama hujja. Saƙon da ya ƙare da a tura wa kowa da kowa kuwa, wannan kaɗai ya isa ka yi shakka.

Ana zagina ana yi min ba'a a guruf da kwament, in rama?

Kada ka rama a wurin, ramuwar suke jira su sami abin ɗauka su yaɗa. Amma kada ka haɗiye kai kaɗai, ɗauki sikirinshot na komai kafin su goge, ka yi bulokin, ka kai rahoto a manhajar, ka faɗa wa babba. In 'yan makarantarku ne hukumar makaranta ta sani, in akwai barazanar duka ko kisa wannan maganar 'yan sanda ce. Abin da ya sa wannan ya fi na filin makaranta ciwo shi ne ba a tashi daga shi, har kan gado yake bin mutum, ga 'yan kallo ɗari. Ku kuma 'yan kallon ku ne kuka fi yawa, duk laik da dariyar da aka danna a ƙarƙashin zagi itace ne aka ƙara a wutar, ko ba za ka iya tsawatarwa a fili ba tura wa wanda ake zagin saƙo a keɓe ka ce ka gani kuma ba ka tare da su.

Na tura wa wani hoton da bai kamata ba, yanzu ya ce in ban biya ba zai watsa. Me zan yi?

Kwantar da hankalinka tukuna, abin nan yana da mafita, kuma kai aka zalunta. Sana'a ce ta wasu gungun mutane, su buɗe akawun da hoton kyakkyawar yarinya ko saurayi, su ja ka da hira, su fara turo nasu na bogi don ka saki jiki, da ka tura naka sai magana ta canza. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2022 saboda yadda ya yawaita, musamman kan yara maza 'yan 14 zuwa 17, kuma akwai waɗanda tsoro da kunya suka sa suka kashe kansu, alhali mutum ɗaya kawai suke buƙata su faɗa wa.

Kada ka biya, wanda ya biya sau ɗaya dawo masa ake yi. Kada ka ƙara tura komai, daina amsawa, amma kada ka goge hirar don ita ce hujjarka. Ɗauki sikirinshot na sunan akawun ɗin da barazanar, kai rahoto, yi bulokin, sannan ka faɗa wa babba yau ɗin nan, uwa ko uba ko yaya ko malami, duk wanda ka san zai tsaya maka. In kana ƙasa da 18 akwai shafi kyauta mai suna Take It Down na cibiyar kare yara ta Amurka wato NCMEC, yana ciro wata lamba ta musamman daga hoton ba tare da hoton ya bar wayarka ba, manhajojin da suke cikin tsarin su yi amfani da lambar su gano shi su cire. Na manya sunansa StopNCII.

Iyaye, in ɗanku ya zo muku da wannan maganar ku sani ya haɗiye kunya mai yawa kafin ya buɗe baki, kuma kalmar farko da ta fito daga bakinku ita zai riƙe. A fara da ka kyauta da ka faɗa mana, faɗa ya biyo baya in an fita daga haɗarin.

Yaya ake kutse a akawun da damfara, yaya zan kare kaina?

Yawanci kai ake yaudara ka buɗe ƙofar da hannunka. Saƙo zai zo daga akawun ɗin abokinka da aka riga aka sace, wai ya tura maka wasu lambobi shida bisa kuskure ka turo masa, alhali lambar shiga WhatsApp ɗinka ce. Ko linki na kyautar data ko tallafi, ka danna ya kai ka shafi mai kama da Facebook sak ka rubuta kalmar sirrinka da kanka. Lambar da aka turo wayarka ba a ba kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro da ake nema kafin a shiga akawun, kada kalmar sirri ɗaya ta zama ta ko'ina, in aboki ya nemi kuɗi ta chatin kira shi ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Bayananka kuma ba ɓarayi kaɗai ke ɗiba ba, a 2018 aka gano kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane har miliyan 87 na Facebook ta wata 'yar manhajar gwajin hali da take kwasar na wanda ya yi gwajin har da na abokansa. Rage abin da kake bayarwa, bajin makaranta, ƙofar gida, katin shaida, inda kake a daidai lokacin. Abin da ka goge kuma daga shafinka kawai ya tafi, yana nan a wayar wanda ya riga ya ɗauka, magana zarar bunu ce balle wadda aka rubuta.

Ni uwa ce, in ƙwace wayar kawai in huta?

Na fahimci abin da ya kai ki nan, amma ƙwacewa ita kaɗai ba kasafai take aiki ba. Zai ari ta aboki, zai buɗe akawun na biyu da ba ki sani ba, mafi muni kuma ranar da ya faɗa irin matsalar da na yi bayani a tambayar hoto da barazana ba zai zo wajenki ba, saboda ya san wayar zai fara rasawa, kuma da wannan tsoron masu barazanar suke aiki. In ya karya doka a karɓe ta na kwana ɗaya ko biyu, ya san dalili ya san ranar dawowa, wannan daban yake da fizgewa cikin fushi.

Abin da ya fi aiki dokoki kaɗan ne da aka zauna aka yi tare kuma suka hau kan kowa har ke da mahaifinsa, waya ba ta kwana a ɗakin barci, akawun a rufe yake sai wanda aka sani. Akwai kayan taimako na sa ido kan wayar yaro, Family Link na Google, Family Pairing a TikTok, Instagram ma tun Satumbar 2024 ya fara mayar da akawun ɗin matasa rufaffe, 'yan ƙasa da 16 ba sa iya sassauta shi sai da izinin iyaye. Sai dai yaro mai wayo zai iya zagaye duk waɗannan, shi ya sa babu kamar ki zauna kusa da shi ki ce nuna min wa kake bi, me ya ba ka dariya yau, ki saurara ba tare da kin fara da faɗa ba. Bincike a ɓoye kuwa, in ba alamar haɗari na gaske kika gani ba, ranar da ya gane amana ta karye kuma ɗinkinta da wuya. Sannan in yana yi miki magana idonki na kan taki wayar, dokar ba za ta zauna ba.

Na sha cewa zan rage amma na kasa, ta ina zan fara?

Kada ka dogara da ƙarfin zuciya kaɗai, ka gani a tambaya ta uku da wa kake kokawa. Fara da duba lissafin da wayarka take ajiyewa, a Android yana ƙarƙashin Digital Wellbeing, a iPhone Screen Time, ka ga awannin sati da idonka, da yawa sai sun gani suke yarda. Kashe duk sanarwa in ban da ta saƙon mutane na gaske, cire manhajar da ta fi cin ka daga fuskar farko ko ka goge ta ka riƙa shiga ta burauza, wahalar shigar kaɗai tana rage yawan leƙe. Nemi agogo mai ƙararrawa don wayar ta daina samun hujjar kwana kusa da kai, ka sa ta caji a wani ɗaki.

Kafin ka buɗe faɗa wa kanka abin da ka je yi ko da a zuci ne, zan amsa wa wane, zan kalli darasi kaza, in ka gama ka fita. Satin farko za ka sha mantawa, ba komai, sake gwadawa. Lokacin da ka ƙwato kuma ka tanadar masa abin yi tun kafin, ƙwallo ko littafi ko aikin hannu ko zuwa wajen aboki, in ba haka ba zaman shiru zai mayar da kai. In da hali ku yi ku biyu, kowa ya riƙa tura wa ɗan'uwansa hoton lissafin awanninsa duk ƙarshen sati. Wanda kuma ya gwada duk wannan wata guda abin ya ci tura, har yana fashin makaranta ko ba ya samun barcin kirki, to a haɗa da likita ko mai ba da shawara a duba ko akwai wata damuwar da yake gudu ya ɓuya a cikin wayar.